Ina Ya Dace a Ajiye Kirifto: Hannun Kamfani, Walat na Waya, ko Na'ura ta Musamman?

Matasa da dama a arewacin Najeriya ba zaɓar walat suka yi ba, tsintar kansu suka yi da shi. A shekarar 2024, lokacin da Notcoin da Hamster Kombat, wasannin Telegram masu rabon kirifto, suka mamaye wayoyi, an ce wa kowa ya sauke walat ɗin Tonkeeper ko ya buɗe asusu a kamfanin musaya na Binance ko Bybit domin karɓar rabonsa, kowa kuwa ya bi yarima ya sha kiɗa. Muddin abin da ke ciki bai wuce kuɗin kati ba, babu wani abin damuwa. Amma daga ranar da mutum ya fara tara USDT, wato kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka, don kare jarinsa daga faɗuwar naira, ko ya fara karɓar ladan aiki daga ƙasar waje, ko ya sayi Bitcoin da niyyar barin sa na tsawon shekaru, wurin ajiya ya zama abin da za a zauna a auna.

Kuɗin kirifto ba ya zama a cikin waya, kuma ba ya zama a cikin manhaja. A rubuce yake a blokchen, wato kundin da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da walat ke riƙewa makulli ne na sirri, wata doguwar lamba wadda da ita ake sa hannu a kan umarnin tura kuɗi. Duk wanda ya san makullin shi ne mai kuɗin a wurin blokchen, kuma abin da aka riga aka tura ba ya dawowa, domin babu manajan da za a je a roƙa. Saboda haka duk bambancin da ke tsakanin nau'o'in walat ya taru ne a kan abu biyu: makullin a hannun wa yake, kuma a wace irin na'ura yake kwana.

Hanya mafi sauƙi ita ce barin kuɗin a hannun kamfanin musaya irin su Binance, Bybit, OKX, Luno, Quidax ko Busha. A nan kamfanin ne ke riƙe da makulli, mai asusu kuma yana da lambar shiga ne kawai da alkawarin cewa za a biya shi idan ya nema. Bai kamata a raina amfanin wannan tsari ba. Wanda ya manta lambar sirrinsa zai iya dawo da asusunsa ta imel da katin shaida, wanda wayarsa ta faɗa ruwa bai rasa komai ba, kuma a nan ne ake sayar da kirifto a karɓi naira, ko dai kai-tsaye ko ta cinikin mutum da mutum da ake kira P2P. Tura kuɗi tsakanin masu asusu biyu a kamfani ɗaya sau da yawa kyauta ne, kuma nan take yake isa. Ga mai saye da sayarwa a kullum, babu abin da ya kai wannan sauƙi.

Matsalar ita ce alkawari yana iya warwarewa, kuma ya sha warwarewa. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Mt. Gox da ke Tokyo, wanda a lokacin akasarin cinikin Bitcoin na duniya ke bi ta hannunsa, ya rufe tare da sanar da ɓatan Bitcoin kimanin 850,000, kuma sai a 2024 aka fara biyan masu bin sa bashi, bayan shekara goma suna jira. A Nuwamban 2022 FTX ya durƙushe cikin 'yan kwanaki bayan ta bayyana cewa an yi ta juya kuɗin masu ajiya a wani kamfani na daban, aka kuma yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a Maris na 2024. A Fabrairun 2025 masu kutse sun kwashe kirifto na kusan dala biliyan ɗaya da rabi daga Bybit, satar da hukumar FBI ta Amurka ta ɗora wa Koriya ta Arewa. Bybit ya cike giɓin ya ci gaba da biyan masu cire kuɗi, wannan kuwa abin a yaba ne, sai dai masu ajiya sun tsira ne saboda kamfanin yana da ƙarfin yin hakan, ba don akwai wani abu a hannunsu da zai kare su ba.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin haɗari, wanda ke zuwa daga sauyin manufofin hukuma. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, aka rufe asusun mutane da dama, sai a Disambar 2023 ya sassauta. Watanni kaɗan bayan haka aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, kuma a Maris na 2024 kamfanin ya daina duk wata hada-hada da naira. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ba Quidax da Busha amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar hukumar. Wannan ci gaba ne, kuma wanda zai bar kuɗi a hannun kamfani gara ya bar shi inda akwai hukumar da za a kai wa kuka. Sai dai lasisi ba inshora ba ne, domin kariyar da NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya, ke ba masu ajiya a banki ba ta shafi kirifto ba. Ya kuma kamata a bambance kamfanin musaya na gaskiya da dandalin da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Waɗanda suka zuba kuɗi a CBEX kafin ya rushe a Afrilun 2025 sun yi ta ganin lambobi suna hawa a fuskar wayarsu, alhali babu wani abu a bayan lambobin.

Wanda ya zaɓi wannan hanya, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya ɗaure asusunsa da manhajar tantancewa irin Google Authenticator a maimakon saƙon tes, domin ana iya sace layin waya ta hanyar sake yankar sim, sannan ya kunna tsarin da ke hana cire kuɗi zuwa kowane adireshi sai wanda ya riga ya yi wa rajista.

Hanya ta biyu ita ce walat na waya ko na kwamfuta wanda makullin ke hannun mai shi. Lokacin buɗe irin wannan walat, manhajar tana nuna kalmomi 12 ko 24 na Turanci, ta ce a rubuta su a jere. Waɗannan kalmomi su ne makullin kansa a sigar da ɗan Adam zai iya rubutawa. Ana zaɓo su ne daga wani jeri mai kalmomi 2,048 bisa ƙa'idar da ake kira BIP39, wadda aka fitar a 2013, kuma tsarin jerinsu yana da muhimmanci kamar kalmomin kansu. Amfanin wannan ƙa'ida shi ne mutum ba ya zama fursunan kamfani ɗaya: ko da Trust Wallet zai ɓace daga duniya gobe, mai kalmomin zai zuba su a wata manhaja mai bin ƙa'idar ya ga kuɗinsa. Akwai 'yan togaciya da ya kamata a sani, domin Electrum yana da nasa tsarin kalmomin, haka ma yawancin walat na TON, blokchen ɗin da Tonkeeper ke aiki a kansa, don haka kalmomin da aka samo daga Tonkeeper ba lallai su buɗe a kowace manhaja ba.

A cikin wannan rukuni, Trust Wallet, wanda Binance ya saya a 2018, shi ne ya fi dacewa da mai riƙe da kuɗi iri-iri a waya ɗaya, domin yana karɓar Bitcoin da Ethereum da Tron da BNB da Solana da wasu da yawa, kuma ba ya buƙatar dogon koyo. MetaMask, wanda ya fito a 2016, an gina shi ne domin Ethereum da hanyoyin da ke amfani da irin adireshinsa, kuma a nan ya fi ƙarfi, musamman ga mai hulɗa da dandalin musaya marasa shugaba ta kwamfuta. Phantom ya yi suna ne a harkar Solana, TronLink na Tron ne, Exodus kuwa ya fi jan hankalin mai son ganin dukiyarsa a tsare a babban allo. Ga wanda Bitcoin kaɗai yake ajiyewa, ina ganin BlueWallet a waya ko Electrum a kwamfuta sun fi duk waɗannan, saboda dalili mai sauƙi: manhajar da ba ta buɗe shafukan waje, ba ta kuma karɓar dubban ƙananan kuɗaɗe, ƙofofin da ɓarawo zai bi ta cikinta kaɗan ne. Electrum yana nan tun 2011, kuma lambobin da aka gina shi da su a buɗe suke ga duk mai son bincikawa.

Abin da ya fi cin kuɗin sababbin shiga a nan ba sata ba ce, rashin sanin hanyoyi ne. USDT ɗaya ne a suna, amma yana tafiya a kan hanyoyi, wato blokchen, daban-daban, kuma kowace da irin adireshinta da kuɗin cajinta. Adireshin Tron yana farawa da harafin T, na Ethereum da na BNB duk suna farawa da 0x, na Bitcoin kuwa da 1 ko 3 ko bc1. Tunda Ethereum da BNB suna da adireshi mai kama ɗaya, mutum yana iya tura kuɗi ta BEP20, wato hanyar BNB, zuwa kamfanin da ERC20, wato hanyar Ethereum, kawai yake karɓa, kuɗin ya tafi, asusun bai nuna komai ba, sai a shiga rubuce-rubucen roƙo da ba lallai su yi amfani ba. Akwai kuma wanda zai ciro USDT 300 zuwa walat ɗinsa ta hanyar Tron, ranar da ya tashi biyan mai kaya ya danna tura, manhajar ta ƙi, domin ba shi da ko ɗan TRX, kuɗin hanyar Tron, da za a cire cajin daga ciki. Kuɗin yana nan yana kallon sa, amma ba ya motsi sai ya nemo TRX daga wani wuri. Haka abin yake da ETH a kan Ethereum da BNB a kan hanyar BNB. Wasu kuɗaɗen kamar XRP da TON, idan za a tura su zuwa asusun kamfani, ana buƙatar ƙarin lamba da ake kira memo ko tag, kuma barin ta yana sa kuɗin ya maƙale.

Sai batun tsaro. Makullin walat na waya yana kwana ne a cikin na'urar da ke kan intanet dare da rana, wadda ake sauke wasanni a kanta, ake ba yara su kalli bidiyo, ake barin ta wurin mai caji ko mai gyara. Manhajojin bogi masu kama da na gaskiya suna yawo, musamman waɗanda ake turowa ta WhatsApp da Telegram. Akwai ƙwayar cutar da ke sauya adireshin da aka kwafa da na ɓarawo kafin a liƙa shi. Akwai masu turo ɗan ƙaramin kuɗi daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da wanda mutum ya saba tura wa, domin wata rana ya kwafo nasu daga tarihin cinikinsa. Akwai shafukan rabon kyauta da ke cewa a haɗa walat a danna amincewa, alhali abin da aka amince da shi izini ne na kwashe duk USDT da ke ciki. Wani lokaci kuma laifin ba na mai wayar ba ne sam, kamar yadda ya faru da masu amfani da Atomic Wallet a Yunin 2023, waɗanda aka yi wa satar da masu bincike suka ƙiyasta ta haura dala miliyan 100. Amma a ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hoton kalmomin nan 12, domin hoton ba ya tsayawa a wayar, yana hawa Google Photos ko iCloud da kansa, daga nan kuwa duk wanda ya shiga imel ɗin mutum ya shiga dukiyarsa.

Hanya ta uku ita ce ƙaramar na'ura ta musamman, mai kama da filashi, wadda aikinta ɗaya ne: ta ƙirƙiri makulli a cikinta ta kuma hana shi fita. Idan za a tura kuɗi, waya ko kwamfuta ce ke shirya umarnin, ta miƙa wa na'urar, na'urar ta nuna adireshi da adadin kuɗin a ɗan allonta, mai ita ya danna maɓalli da yatsansa, sannan ta mayar da umarnin da sa hannu a kai. Ko da kwamfutar cike take da ƙwayoyin cuta, makullin bai taɓa shiga cikinta ba. Wannan ɗan allo shi ne rabin amfanin na'urar, kuma wanda bai karanta shi ba ya yi asarar kuɗin sayenta. Satar da aka yi wa Bybit ma daga ma'ajiyar da ke buƙatar sa hannun mutane da yawa aka yi ta: an gurɓata shafin da jami'an ke kallo a kwamfuta, suka ga abu ɗaya, suka sa hannu a kan wani abu daban.

Sunaye biyu ne suka fi fice, kuma bambancinsu na aƙida ne. Trezor, na kamfanin SatoshiLabs da ke Prague, shi ya fara fitar da irin wannan na'ura a 2014, kuma ya tsaya a kan buɗe lambobin manhajarsa ga kowa ya duba. Rauninsa a da shi ne tsofaffin samfuransa ba su da guntun tsaro na musamman, har masu bincike na kamfanin musaya na Kraken suka nuna a 2020 cewa wanda ya sami na'urar a hannunsa da kayan aiki zai iya zaro kalmomin, sai dai idan mai ita ya ƙara kalmar sirri ta daban. An gyara wannan a Safe 3 da ya fito a 2023 da samfuran da suka biyo baya. Ledger, na birnin Paris, tun farko ya dogara ne da guntun tsaro irin na katin banki, yana karɓar nau'o'in kuɗi masu yawa, ya daɗe yana karɓar Tron, kuma Nano X yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, abin da ke da amfani ga wanda ba shi da kwamfuta. Sai dai wani ɓangare na manhajarsa a rufe yake, dole a yarda da maganar kamfanin. Abubuwa biyu sun taɓa wannan yarda. A 2020 an sace bayanan masu sayensa, aka watsa sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutane kimanin 270,000, har daga baya wasu suka riƙa samun na'urorin bogi ta gidan waya. A Mayun 2023 kuma kamfanin ya sanar da tsarin Ledger Recover, wanda ke raba makulli gida uku ya ajiye wa kamfanoni idan mai shi ya nema, mutane da yawa kuwa suka fusata da gano cewa ashe manhajar na iya fitar da makulli daga na'urar.

Idan USDT na Tron da kuɗaɗe iri-iri mutum ke riƙewa kuma da waya yake aiki, Ledger ya fi masa sauƙi. Idan Bitcoin da Ethereum ne kuma yana son abin da masana za su iya bincikawa, sabon Trezor zan nuna masa. Coldcard na Kanada na Bitcoin ne zalla, yana iya aiki ba tare da an taɓa jona shi da kwamfuta ba, ta hanyar katin memori, amma ba na ɗan koyo ba ne. Tangem kati ne da ake karawa a bayan waya, ba batir ba igiya, yana jure ƙura da ruwa, sai dai ba shi da allo, don haka abin da wayar ta nuna shi za a gaskata. Ko wacce aka zaɓa, a tabbatar tana karɓar ainihin kuɗin da hanyar da ake amfani da su kafin a biya, a kuma saya daga shafin kamfanin ko dillalin da ya lissafa da kansa. Na'urar da ta zo da kalmomi a rubuce a cikin kwali tarko ce, domin wanda ya rubuta su yana da kwafi yana jiran a zuba kuɗi.

Farashin waɗannan na'urori yana kamawa daga kimanin dala 60 zuwa sama da dala 200, ban da kuɗin aikowa da na kwastam. Ra'ayina shi ne wanda abin da ya tara bai ninka kuɗin na'urar sau goma ba, bai kai lokacin sayenta ba. Abin da ya fi masa shi ne ya ware waya ta biyu, ya goge komai a cikinta, kada ya sa mata sim ko WhatsApp, ya sauke walat guda daga Play Store ko App Store, ya ajiye ta a gida. Ba ta kai na'ura ta musamman ba, amma ta fi wayar da ke yawo a aljihu nesa ba kusa ba. Wanda kuwa dukiyarsa ta kai inda rasa ta zai taɓa abincin gida ko jarin kasuwa, jinkirin sayen na'ura ganganci ne.

A ƙarshe dai yawancin mutane ba ɗaya za su ɗauka su bar biyu ba. Kamar yadda ɗan kasuwa a Kantin Kwari ke da canji a aljihu, da kuɗin ciniki a durowar shago, da jari a inda ba a taɓa shi kullum, haka ya dace mai kirifto ya bar abin da zai sayar cikin makon nan a kamfanin musaya, abin biyan buƙata da hulɗa da shafuka a walat na waya, ajiyar dogon lokaci kuma a na'urar da ba a haɗa ta da kowane shafin kyauta. Abokan kasuwanci ko ƙungiya mai asusu ɗaya su duba tsarin sa hannun mutum biyu cikin uku, wanda Electrum da Sparrow ke yi a Bitcoin, Safe kuma a Ethereum, domin kada mutum ɗaya ya iya kwashe kuɗin, kada kuma ɓatan makulli ɗaya ya rufe shi. Masu ajiye USDT su kuma sani cewa kamfanin Tether, mai fitar da USDT, yana da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi, yana kuma yin hakan idan hukumomi suka nema, ko a wane irin walat kuɗin yake.

Duk wannan tsari yana tsaye ne a kan takardar da aka rubuta kalmomin. Na'ura na iya lalacewa a sayi wata, amma idan na'ura da takarda suka tafi tare, shi ke nan. James Howells na garin Newport a Wales ya rasa faifan kwamfuta mai ɗauke da makullin Bitcoin kimanin 8,000 a juji tun 2013, kuma a Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar domin a bar shi ya tono shi. A wurinmu abokan gaban takarda su ne gara da ɗigar damina da gobara da kuma mai shara da bai san darajarta ba. A rubuta da biro mai kyau, kwafi biyu, a naɗe a leda, a ajiye a gidaje biyu daban, wanda ya sami hali kuma ya buga kalmomin a jikin farantin ƙarfe. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai taɓa neman waɗannan kalmomi, ko ta waya ko ta saƙo. Yin shiru ma ɓangare ne na tsaro: a Janairun 2025 an yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a Faransa ana neman fansa da kirifto, balle a inda garkuwa da mutane ta riga ta zama ruwan dare.

Shirun nan kuma yana da iyaka, domin dukiya haƙƙin magada ce bayan mutuwa. Kamfanin musaya yana da hanyar miƙa asusu ga iyali idan aka kawo takardar shaidar mutuwa da ta kotu, amma walat na kai ba shi da kowa a bayansa, kuma kuɗin da babu wanda ya san da shi ba zai shiga rabon gado ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta a cikin wasiyya cewa akwai kirifto, da irinsa, da sunan walat ɗin, da wurin da takardar take, ba tare da rubuta kalmomin kansu a nan ba, sannan a sanar da amintaccen mutum ɗaya wanda ya san yadda ake dawo da walat. Kafin a zuba kuɗi mai yawa kuma, a tura ɗan kaɗan, a goge walat ɗin gaba ɗaya, a dawo da shi daga takardar. Idan kuɗin ya bayyana, an rubuta kalmomin daidai, sai a tura sauran.